Firam Ɗin Tsakiya

Litinin, da yamma

Likita ta ce sankara ce, a bakin mahaifa. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Daga yau sunanta "abin".

Ban yi kuka ba. Haushi na ji, kuma har yanzu shi nake ji. Wata nawa ina zarya asibiti ina ce musu jinin nan ba na al'ada ba ne, suna rubuto min maganin sanyi. Sai da suka yanki ɗan nama suka kai ɗakin gwaji, sannan kowa ya gyara zama ya fara kirana Hajiya da murya ƙasa-ƙasa.

Wai kuma ba su gama sanin wace iri ce ba. Likitar, wata doguwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta ce ƙwayoyin da suka gani a madubi ba su yi kama da waɗanda suka saba gani ba. Za su tura naman wani ɗakin gwajin a yi masa rini na musamman. Ta zana min a bayan takarda. In irin da aka saba ce, tunda ƙarama ce, za a yanke bakin kawai a bar min mahaifata. In ɗaya irin ce, ba za a bar komai ba.

Na ce, "Ɗaya irin wacce?"

Ta ce, "Mu jira sakamako, Hajiya."

Ni mai hoto ce. Shekara da shekaru ina ce wa mutane su zauna su jira a wanke, ban taɓa tunanin yadda maganar take a kunnen mai jira ba.

Malam, mijina, yana waje a kan benci, ya ɗora hularsa a gwiwa. Na gaya masa a tsaye. Ya ce, "Allah ya kawo sauƙi," ya karɓi jakata ya riƙe. Har muka iso gida bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Talata, da hantsi

Na buɗe shago kamar kullum. Masu fasfo, da wani mai gadi da yake son a rage masa tumbi, da wata mata da ta kawo jariri a ɗauke shi a kan 'yar kujerar nan ja. Yaron ya ƙi dariya. Na kaɗa masa makulli, na yi masa kukan kyanwa, uwar na ta "yi wa Anti dariya mana". Da ya tashi yi, amai ya yi min a kan farin labule. Na ce ba komai. Hoton ya yi kyau.

Tana jiran a wanke, sai ta tsaya kallon bangon da nake rataye hotunan yaran da na ɗauka don masu shigowa su ga aiki. Ta nuna firam ɗin tsakiya, wanda ba komai a cikinsa sai farin kwali.

"Wannan fa, Anti? Hoton ya faɗi ne?"

Na ba ta amsar da nake ba kowa: ban sami wanda ya dace ba tukuna.

Malam kafinta ne, shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Shi ya yi duk firam ɗin da ke wurin. Amma na tsakiyar daban ne. Ya daɗe yana gogarsa, ya sassaƙa masa ganye a kowace kusurwa, a shekarar da muka buɗe shago, lokacin da tsohon ciki ya hana ni sunkuyawa in ɗaure takalmi. Daga baya ba mu buƙace shi ba. Ba wanda ya ce a sauke, ba wanda ya sauke.

Alhamis, da rana

Sakamako bai fito ba.

Asabar, da yamma

Yaya ta zo da kwanon abinci da tambayoyi. Ni na jawo wa kaina, da na gaya mata abin da likitar nan da na sa wa suna Tabarau ta ce, wato wata ƙwayar cuta ce ke kawo abin, HPV, kuma ta wajen kwanciya ake ɗaukarta. Tun ban rufe baki ba ta juya ta zuba wa bango ido, ga zarton Malam yana ta kuka a bayansa.

"Auta, ke dai na san ki. To daga ina ta zo?"

"Yaya, likita ta ce kusan kowa na ɗauka, jikin yawancin mutane na kashe ta ba su ma sani ba. Tana iya kwanciya shekaru. Ba mai iya cewa ga ranar, ga mutumin."

"Haka za su ce mana. Ai ba sa son kashe aure."

"Ni ma fa na yi wani auren kafin wannan, ko kin manta? Shi ma haka."

"Ni dai ban ce komai ba."

"Kin ce, Yaya. Da ido kika ce."

Ta tattara mayafinta ta ce tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Ta tafi ta bar kwanon.

Bayan ta tafi yayar Malam ta kira shi a waya. Bangon nan ba shi da kauri. Na ji shi yana ta "a'a, ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne". Ke nan a can gidansu ni ce na kawo. Ni ina yawo da abu a jikina, su sun buɗe kotu, kowane ɓangare da alƙalinsa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ni ba. Na zuba masa abincin Yaya ya ci.

Talata, da azahar

Sun sa ni a cikin na'urar hoton ciki don su ga ko abin ya yi tafiya. Ɗaki mai sanyi, gado mai shiga rami. Mutumin da ke aikin bai kalli fuskata ba ko sau ɗaya. Daga bayan gilashi yake magana: riƙe numfashi, saki, riƙe, saki. Ni ko ɗan yaye zan ɗauka sai na ce "ka shirya?" kafin in danna.

Da na fito ina ɗaura ɗankwali, wani ƙaramin likita ya taho da sauri da fayil ɗina a hammata, sai washe baki yake kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Hajiya, ke ce mai naman da aka tura? Kin san irin da ake zato a littafi kawai na taɓa ganinta? Babbar likita ma ta ce tun da ta fara aiki sau ɗaya ta gani."

Na ce, "To barka da arziki."

Ya yi tsuru-tsuru. Ya fara kame-kame, wai ba haka yake nufi ba, wai ba a tabbatar ba tukuna. Na ce ya matsa in wuce. Na sa masa suna Zumuɗi.

Ke nan sun riga sun san inda zatonsu ya karkata, ni kaɗai aka bari a duhu. Da yaron nan ya iya riƙe bakinsa da har yanzu ina ta lissafin banza.

Laraba, da safe

Sakamako bai fito ba. Wai rinin ne ya ƙare musu.

Juma'a, da yamma

Wata budurwa ta zo ɗaukar hoton neman aiki. A goge mata ƙuraje, a ƙara mata haske, a rage hancin kaɗan. Na yi mata duka a kwamfuta, ta fita tana murna da hoton wata wadda ba ta taɓa haɗuwa da ita ba.

Haka kowa ke min yanzu. Malam ya ce ƙaramin abu ne. Yaya ta gaya wa maƙwabta ciwon mara ne. Mai sayar da katin waya ta ce na yi kyau, har na ƙara fari. Jini ne babu, ba fari ba ne. Ni da nake gyara fuskokin mutane, in an gyara min magana nan take nake ganin inda aka goge.

Sabuwar fitilar da na saya ta iso, na kira Malam ya zauna in gwada haske, don shi ne ɗan gwajina tun farko. Ya zauna da garin katako a gashin baki, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana ta murguɗa fuska wai zai ba ni dariya. Na tashi masa tsaye. Na ce shi komai wasa ne a wurinsa, na ce abubuwa da yawa. Ina tsakiyar faɗa ya zaro wayarsa mai tsagaggen gilashi ya ɗauke ni.

Na fizge na duba. Ido ɗaya a rufe, baki a buɗe, yatsa a sama, ya yanke rabin ɗankwalina. Tun da aka fara hoto a duniya ba a yi mummuna irinsa ba.

"Ka goge."

"Na goge, ranki ya daɗe."

Ban yi dariya ba.

Lahadi, da rana

Bai fito ba. Na wanke farin labule sau biyu, tabon aman bai fita ba.

Talata, da hantsi

Bai fito ba.

Alhamis, da yamma

Ya fito.

Ɗaya irin ce. Tabarau ta sa mu duka biyu muka zauna. Ta ce irin mai ƙananan ƙwayoyi ce, wadda ba kasafai ake gani ba, kuma ƙwayar cutar da ta kawo ta ita ce mai lamba goma sha takwas. Har lamba gare ta. Ta ce wannan ba ta tafiya a hankali kamar 'yar uwarta, ta jini take bi. Labari mai daɗi shi ne hoton ciki bai nuna ta je ko'ina ba tukuna. Ta maimaita "tukuna". Ta ce tiyata ranar Alhamis mai zuwa, a cire duka, bayan nan ruwan magani mai zubar da gashi.

Na ce, "Likita, ki ba ni shekara ɗaya."

Ta gane. Ba ta tambaye ni ta mece ce ba. Ta cire tabarau ta ajiye, sai na ga ashe idonta ƙanana ne, kuma a gajiye suke.

"Hajiya, ba ni nake da shekarar ba, balle in ba ki. Wannan ba ta jira. Ko cikin kika samu gobe, ba na jin za ta bar ki ki kai ƙarshensa."

"Ba kya ji, ko kin tabbata?"

"Ba ni da tabbas a kan komai. Amma da ƙanwata ce a kujerar nan, ba zan bar ta ta kai sati biyu ba."

Na ce ba zan yi ba. Sai Malam, wanda sati nawa ba a ji ta bakinsa ba, ya buɗe baki ya ce, "Likita, za ta yi."

Na juya na ce, "Wa ya tambaye ka? Naka za a cire?"

Na fito na bar su. Ni kaɗai na shigo mota na dawo.

Juma'a, da safe

Ba ma magana. Ya ajiye min shayi a kan teburin kwamfuta ya fita. Na bar shi ya huce.

Asabar, da yamma

Yaya ta dawo. Yau ba kotu, kuka ta zo yi. Ta ce ga 'ya'yanta biyar, in zaɓi wanda nake so, har ta fara lissafa min halin kowa kamar mai tallan awaki. Na san don tana sona ne. Na ce ta bari. Ta ce, "Auta, me za ki yi da abin da zai kashe ki?" Na ce nawa ne.

Ba wanda ya gane. Duk wata sai na jira, duk wata sai na ce wataƙila. Na saba da wataƙilan nan, da ita nake tashi in buɗe shago in yi wa 'ya'yan mutane kukan kyanwa. Yanzu an ce in je ranar Alhamis da ƙafata in kwanta a ɗauke min ita, kuma in ce na gode.

Litinin, da azahar

Asibiti suka kira, na je da shirin faɗa. Tabarau ta sake roƙona, na sake cewa a'a. Ta ce ba za ta ba kowa ranar Alhamis ɗin ba, tana nan a ajiye. Ina shirin tashi sai ga Zumuɗi, yau a ladabce, hannu a baya. Wai suna neman izinina. Hoton ƙwayoyina da aka ɗauka ta madubi suke son nuna wa sauran likitoci a taro, don in wata ta zo da irinta a gane da wuri, kada a yi ta ba ta maganin sanyi. Ba za a sa sunana ba.

Na ce, "Au, akwai hoto? Kun ɗauke ni ba ku nuna min ba?"

Ya ce ba zan gane komai a ciki ba.

Na ce, "Yaro, tun kana cin ƙasa nake kallon hoto. Ku nuna wa duk wanda kuka ga dama, amma sai kun ba ni nawa."

Ya tura min a waya.

Na buɗe shi a kwamfutar shago. Na zaci zan ga wani abu baƙi mai ƙyama. Ruwan hoda ne da shuɗi mai duhu, ƙananan ɗigo-ɗigo a cunkushe, kowanne ya matse ɗan uwansa. Haske ya zauna daidai, ba inda ya dushe. Wanda ya ɗauka ya iya aikinsa. Na daɗe ina nema masa aibi ban samu ba, kuma ban taɓa jin haushin kyakkyawan hoto irin na yau ba.

Na wanke shi a takarda mai sheƙi. Na hau kujera na sauke firam ɗin tsakiya. Ya shiga cif, ko gefe ban yanke ba.

Talata, da yamma

Tun safe mutane ke kallonsa. Wata mai goyo ta ce, "Anti, wannan zanen yadi ne? Ya yi kyau. A ina ake samu?"

Na ce, "Nawa ne. Ni na haife shi."

Ta yi 'yar dariya, ta ga ban yi ba, ta karɓi hotonta ta fita da sauri. Sai a lokacin na ga Malam a bakin ƙofa da kofin shayi. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya kalli bangon, ya kalle ni. Ya ajiye kofin a hankali ya koma shagonsa. Har aka tashi ban ji zarto ba, ban ji guduma ba.

Don ya ji zafi na yi. Ya ji. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Laraba, da hantsi

Ya riga ni fita. Da na buɗe shago, hoton asibitin na kan teburina a kife, an danne shi da kwalbar gam. Na ɗaga kai.

Ni ce a firam ɗin tsakiya. Ido ɗaya a rufe, baki a buɗe, yatsa a sama, rabin ɗankwali babu. Ni ce a tsakiyar jariran mutane ina zazzaga masifa, ga ganye a kowace kusurwa.

Na buga bango da tafin hannu har ya shigo.

"Ba ka ce ka goge ba?"

"Ƙarya na yi."

"A ina ka wanke wannan abin? Dubi kala! Fuskata ta koma kore!"

"A tsallaken titi."

A tsallaken titi. Wurin ɗan rainin wayon nan da ya buɗe shago a gabana yana kwashe min masu fasfo. Yanzu ya ga hotona baki a buɗe. Na ce sai ya sauke shi yanzun nan. Na jawo kujera zan hau da kaina, ya ɗora hannu a kanta ya riƙe.

"Ni na yi firam ɗin nan," ya ce. "Ni nake da ikon abin da zai shiga."

"Ba don ni ka yi shi ba."

"Na sani. Ni ma ina kallonsa kullum, ba ke kaɗai ba. Kin zaci ban so ba ne? Na so, har gobe ina so." Bai saki kujerar ba. "Amma wancan bai zo ba. Wannan tana nan, tana yi min faɗa. Ba zan ba da wadda take nan saboda wanda bai zo ba. In kin ƙi zuwa gobe, jikinki ne, ba zan ɗauke ki a ka ba. Amma ki sani bango biyu za ki bar min babu kowa, nan da gida."

Na ce ya fita. Ya fita. Na rufe ƙofa na juya allon "a rufe", na zauna a 'yar kujerar nan ja da ba ta ɗauke ni ba, na yi kukan da ban yi ba tun ranar farko. Na yi wa wanda bai zo ba, na yi wa waɗanda ba za su zo ba. Na san yana ji ta bango. Ya kyauta da bai shigo ba.

Laraba, da la'asar

Na kira Tabarau. Na ce, "Alhamis ɗin tana nan?" Ta ce tana nan. Ta ce kada in ci komai bayan abincin dare.

Har yanzu ina jin haushi. Na masu maganin sanyi, na rinin da ya ƙare, na lamba goma sha takwas, na kotun Yaya da yayarsa. Ban yafe wa kowa ba tukuna. Ban ma yafe wa jikina ba.

Alhamis, da sassafe

Yaya na waje da jaka, tana ta kiran Auta za mu makara. Na sa Malam ya biya da ni ta shago in kashe fitilu da kaina, don ban yarda da shi ba.

Hoton na nan. Da hasken safe ya fi muni. Na tsaya na nuna masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya: ya tsaya a inda haske ke bayana, hannunsa ya yi rawa, ya yanke min kai, bai ce "kin shirya?" ba. Yana ta gyaɗa kai kamar ɗan makaranta.

Ya ce, "In sauke?"

Na ce, "Kada ka taɓa. In na fito zan koya maka riƙe kyamara, ka sake ɗaukar wani."

Ya karɓi makullin daga hannuna ya kulle shagon. Ya ce, "To. Zan jira."